Usur Biyu a Filin Tsafe

Abba,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa ka buɗe takardar nan kana zaune lafiya a Gusau, Ya tsare ka daga mugun direba da mugun mutum, Ya sa ka tarar da Kawunka Sani da iyalinsa ƙalau. Innarka na ba ta cusa maka ita a ƙasan jaka, na ce kada ka gani sai ka sauka.

Ka san abin da ya sa na rubuta ban zaunar da kai ba. Sau biyu na gwada a makon nan. Na farko ya ƙare a faɗan takalmin da ka bari a zaure, na biyu kuwa ni kaina ban san a kan me nake ɗaga murya ba har ka tashi ka fita. Bakina ya fi hankalina sauri, haka nake tun ina kamarka. Biro kuwa dole ya jira ni in haɗa baƙi, tunda ba a aji na koyi rubutu ba.

Ga maganar. Mutumin da zai koya muku alƙalancin ƙwallon kwando a kwas ɗin nan, wanda zai sa hannu a takardarka ko ya ƙi, Malam Lawali ne. Ka ga sunansa a fom ka tambaye ni ko na san shi, na ce maka Lawali nawa ne a Zamfara. Ƙarya na yi maka. Na san shi kamar yunwar cikina. Shekara shida muna busa usur tare, babur ɗaya muke hawa zuwa wasa, ni a gaba shi a baya. Yau shekara goma sha ɗaya ba mu gaisa ba, kuma ni na jawo. Za ka tsaya a gabansa da fuskata, don duk wanda ya gan ka ya gan ni. Har yanzu ban san ko in ce ka yi shiru a kan ɗan wa kake ba, ko in ce ka faɗa. Bari in ba ka labarin, wataƙila kafin in kai ƙasan takarda in sani.

Dokokin wasan nan a wani tsohon littafi na koye su, wanda malamin wasanni na sakandare ya yar, bangonsa ya cire, shafukan ƙarshe sun ɓace. Da Turanci yake. Ina zaune a rumfata ta facin taya, in karanta layi ɗaya in buɗe ƙamus sau huɗu, in mota ta tsaya in ajiye in kama aiki. Da na kai ƙarshensa sai na ɗauka duk jihar nan babu wanda ya kai ni. Lawali bai taɓa karanta shi ba. Tela ne, ya buga wasan da kansa yana yaro, abin da ya sani a fili ya tsince shi.

Yana da wata al'ada da ke cin raina. Kafin kowane wasa sai ya ja ni gefe, ya tsuguna, ya zana filin a ƙasa da tsinke. Ya ce in yana tsaye a ƙarshen fili ƙarƙashin kwando, daga nan zuwa nan nasa ne, ni da ke biye da wasan daga baya daga nan zuwa can nawa ne, in an juya mu juya. Ya ƙare da cewa in muka busa tare, in dube shi kafin in yi komai. Kullum maganar ke nan, ko wasali ba ya canzawa. Wata rana na ce masa ko karatun allo ana wankewa a rubuta na gaba. Ya yi dariya ya ci gaba da zanensa.

Abba, kada ka shiga fili ba ka tsuguna da abokin aikinka ba, ko minti biyar ne, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ba don bai sani ba, ba don ba ka sani ba. Don maganar ta zama ita ce ta ƙarshe da ta shiga kunnenku kafin hayaniya ta shiga. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ban ga wannan a littafina ba. Ko yana cikin shafukan da suka ɓace, ko kuwa ba a rubuta irinsa, ban sani ba. Na dai san tela ya san shi, ni mai ƙamus ban san shi ba.

Kuskurena na biyu idona ne. Ni ƙwallo nake bi, inda ta je nan idona yake. Akwai wani wasa a Kwatarkwashi, a filin makarantar nan da ke gindin dutse, ina tsakiyar fili na hango an taɓa hannun mai jefawa can ƙarƙashin kwando, taku biyu daga hancin Lawali. Na busa da ƙarfina. Lawali ya karɓi ƙwallo ya miƙa wa yaron ya jefa. A hanyar komawa ya ce in tsaya ya sayi rake. Yana ɓare shi ya ce mini, "Bello, in kai kana kallon ƙwallo, ni ina kallon ƙwallo, wa ke kallon sauran yara takwas?"

Na ce in ya gani me ya hana shi busawa. Ya ce ya gani sarai, ƙwallo hannun ya taɓa, bai taɓa mutum ba, daga inda nake tsaye ne abin ya yi kama da duka. Ya kuma ce a daidai lokacin, a bayana, a wurin da yake nawa, wani ya zabga wa wani gwiwar hannu a haƙarƙari, kowa ya gani sai ni. Na tada babur da fushi, na riƙa bin rami da gangan har Bungudu.

Don haka ka tsare wurinka. Abokinka ba gunki aka kafa a can ba, yana ganin abin da ba ka gani. To amma za ka tambaye ni, in ka ga laifi na gaske a wurinsa, shi kuma wani ya kare masa gani fa? Na yi masa wannan tambayar. Ya ce in ja numfashi ɗaya, in bai busa ba, kuma laifin ya kai wanda har mai tallan gyaɗa ta gani, to in busa. Na ce ina zan san abin da mai tallan gyaɗa ta gani? Ya ce zan sani. Ban taɓa sani ba. In ya koya muku wannan a aji, ka rubuta mini yadda ya faɗe shi.

Yanzu ga babbar. Kana ɗan shekara bakwai aka yi ta. Wasan ƙarshe ne na gasar matasa a lokacin hutu, Tsafe da Bungudu, a filin wata sakandare a Tsafe. Mutanenmu sun cika mota biyu sun tafi. Ni na makarar da mu, na tsaya facin tayar wata babbar mota. Muna isa ana ta kiran alƙalai, amma duk da haka Lawali ya tsuguna ya fara zanensa. Na ce masa lokaci ya ƙure. Na taka zanen na wuce.

Wasa ya yi zafi har ƙarshe. Tsafe na gaba da maki ɗaya, malamin da ke riƙe da agogo ya ɗaga hannu alamar saura kaɗan. Murtala, dogon yaron unguwarmu, ya karɓi ƙwallo ya nufi kwando a guje. Wani gajere mai ƙirji daga Tsafe, ana ce masa Ɗan Bala, ya shiga gabansa. Suka yi karo, Ɗan Bala ya faɗi rigingine, ƙwallo ta yi waje. Lawali yana ƙarƙashin kwando, ni ina baya. Usur biyu suka tashi lokaci ɗaya.

Ka san hukuncin irin wannan karon, amma bari in faɗa yadda na san shi. In mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa, mai ƙwallo ya zo ya banke shi, laifin mai ƙwallo ne, alƙali ya naushi tafin hannunsa. In kuwa mai tsaro yana cikin matsowa ya tare hanya, laifinsa ne, alƙali ya dafa ƙugu da hannu biyu. Tsakanin wannan da wancan ƙiftawar ido ce. Shi ya sa in an busa tare, kowa ya ɗaga dunƙulallen hannu sama kawai, wanda ba ya nufin komai sai an yi laifi, wasa ya tsaya. Sai ku haɗa ido. Wanda abin ya faru a wurinsa ya nuna hukunci, ɗayan ya sauke hannu kamar dama abin da zai ce ke nan. 'Yan kallo su ga alƙali ɗaya mai jiki biyu.

Ni ban ɗaga hannu ba, ban nemi idon kowa ba. Na dafa ƙugu na ƙwala lambar Ɗan Bala har maƙogwarona ya yi zafi. Ina juyowa na ga Lawali yana naushin tafinsa. Daga baya aka ce mini ya ɗaga hannu ya dube ni, ya ga ƙeyata na nufi teburin masu rubuta maki, ya ɗauka na bar masa. Ban taɓa ganin magoya bayan ƙungiya biyu suna tsallen murna lokaci guda ba sai ranar. Namu na ihun jifa biyu daga layi, na Tsafe na ihun ƙwallo tasu ce. Malamin da ke rubuta maki ya ɗaga biro yana duban wannan yana duban wancan, yana tambayar wanne zai rubuta.

Lawali ya tako har inda nake, ya ba jama'a baya, ya ce a hankali, "Mu koma gefe, mu biyu. Mi ka gani?"

Da na bi shi gefe da yau ba na rubuta takardar nan. Ban bi shi ba. Mahaifiyarsa 'yar Tsafe ce, a can dangin uwarsa suke. Na buɗe bakina yadda har na kan katanga za su ji, na ce, "Na ga kana busa wa kawunnanka."

Ya dube ni, ya cire usur daga wuyansa ya sa a aljihu. Shugaban gasar ya shigo ya ce na wanda ya fi kusa za a ɗauka, Tsafe ta ci. Na hau babur na taho ni kaɗai, na bar shi ya nemi mota a tasha.

Maganar ta riga ni isa Bungudu. Mota biyu na samari sun ji ta daga bakin amininsa, wa zai ƙaryata? Suka riƙa tsayawa a ƙofar shagonsa suna tambayar ya kawunnai. Aka daina kai masa ɗinkin rigunan ƙungiya, da Sallah ta zo mutane suka kai yadinsu wani wuri. Ina rumfata ina jin duk wannan, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe maganar, ban faɗe ta ba, ina jiran ya zo ya ce ni ke da gaskiya a kan karon. Kafin damina ta faɗi ya ɗora keken ɗinkinsa a mota ya koma Gusau. Innarka ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba, don matarsa ce ta karɓi haihuwar ƙanwarka.

Ga abin da nake so ka riƙe. Hannu sama, ido kan abokinka, baki a rufe. In kuma ƙaddara ta sa kun riga kun nuna abu biyu, ku ja gefe, ku ba jama'a baya, ku yi magana yadda ko ɗan wasa ba zai ji ba, ku fito da hukunci ɗaya, ko da ranka bai so ba. Gardamar ku ajiye ta sai kun hau babur. Kuma kada ka taɓa, Abba, kada ka taɓa kawo dangin mutum cikin hukuncin usur. Na ji ka ran nan kana gaya wa abokinka a waya wai alƙalin wasan da kuka kalla an saye shi. Muryata na ji sak. Ina ka gani aka saye shi? Kana wurin?

Za ka so ka san wa ke da gaskiya a karon. Ni ma ina so. Na tambayi Murtala, wanda yanzu yake kabu-kabu a tasha. Shekarar farko ya rantse mini gajeren nan yana tafiya aka yi karon. Bayan 'yan shekaru ya kawo mini faci, muna hira ya ce ai Ɗan Bala ya daɗe da tsayawa kamar turmi, shi ne ya rufe ido ya afka masa. Na ce ba haka ka ce mini ba da. Ya ce shi bai tuna ya ce wani abu ba. Har Tsafe na taɓa tsayawa da gangan, na sami Ɗan Bala yana sayar da albasa a bakin titi, na tuna masa. Ya yi ta dariya ya ce, "Malam, ni dai na tuna na ga sama."

A cikin kaina kuwa, wata rana in na tuno sai in ga ƙafar hagunsa tana ja a ƙasa, wata rana in gan ta a kafe. Sai kuma wani tunani ya zo mini wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Murtala katangarmu ɗaya da gidansu, a gabana ya girma. Ko ni ne na busa wa nawa, sannan na riga Lawali faɗa? Wallahi ban sani ba. In na ce maka eh na yi ƙarya, in na ce a'a ban tabbata ba.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Wani kuskuren na faɗa, kishiyar wancan. Aka haɗa ni da wani Malam Ɗahiru a wani wasa a Gusau, na shiga da niyyar ba zan sake riga kowa ba. Aka ture wani yaro yana sama, ya faɗo da baki, haƙorinsa ya karye. Na dubi Ɗahiru, Ɗahiru ya dube ni, kowa na jiran ɗan'uwansa, wasa na ci gaba, yaro na ƙasa yana tofar da jini. Uban yaron ya shigo fili, bai zage mu ba, ya dai tambaye mu, mu biyu mi muke yi da usur a baki. Daga ranar ban sake busawa ba.

To ka gani. Na ce maka ka jira, yanzu kuma ina ce maka kada ka jira. Na karanta abin da na rubuta, ni kaina ya rikita ni. Ina jin abin shi ne usur ba ya jira, hannu ne ke jira. Ka busa da zarar ka gani a wurinka, ka tsayar da wasa, amma kada ka nuna laifin wane ne sai ka ga idon abokinka. Haka nake jin yake. An ce yanzu alƙalai uku ake sawa, ni ban san yadda mutum uku ke haɗa ido ba alhali biyu sun gagare ni. Wannan ma shi za ka tambaya.

Sai maganar da na fara da ita. Innarka ta ce ka yi shiru, ka zauna a bayan aji, ka karɓi takardarka ka dawo. Kawunka Sani ya ce Lawali ba mai riƙo ba ne, ya manta. Innarka ba ta san aji ba, sunana na kan fom ɗinka, kuma hancin nan naka ba ya ɓoyuwa. Kawunka kuwa bai ga idon Lawali ba lokacin da yake sa usur a aljihu. Ni na gani. Tsoro nake ji kada abin da bakina ya yi ya faɗo a kanka, kai da ba ka san hawa ba ba ka san sauka ba. Tsoro kuma nake ji kada ya yi maka adalci tsaf, ya ba ka takardarka, bai ko tambaye ka ina nake ba. Ban san wanne ya fi ba.

Ga abin da za ka yi. Ranar farko, bayan an tashi, ka bari mutane su watse. Kada ka yi masa magana a gaban kowa. Ka same shi gefe, ka durƙusa ka gaishe shi, Baba za ka ce masa, ba Malam ba, don ya ɗauke ka a kafaɗa kana jariri. Ka faɗa masa ɗan wa kake. Sannan ka ce, "Babana ya ce a gaya maka, karon Tsafe a wurinka aka yi shi."

Iyakarta ke nan, kada ka ƙara mata gishiri. Kada ka ce na ce shi ke da gaskiya a kan ƙafar Ɗan Bala, don ban sani ba, kuma ba zan aike ka da abin da ban sani ba. Amma wurin nasa ne, wannan na sani tun ina dafe da ƙugu.

Maganar kawunnai kuwa ba ta aike ba ce. A gaban mota biyu na mutane na faɗe ta, ba zan ɗora wa ɗana ya kai ta a ɓoye ba. Ka tambaye shi wace rana yake zama a shago. In ya faɗi rana, ka kira ni, zan rufe rumfa in zo da ƙafata, in ya so kuma mu dawo Bungudu tare in maimaita a tasha inda samarin nan suke, sun zama magidanta yanzu amma kunnuwansu na nan. In ya yi shiru, ka yi masa godiya ka tashi. Kada ka yi gardama, kada ka kare ni, kada ka murtuke fuska irin tawa. Washegari ka zo aji da wuri, in ya tsuguna zai yi zane ka tsuguna kusa da shi. In kuma a ƙarshe bai sa maka hannu ba, kafin ka ce saboda ni ne, ka tambaye shi me ka kasa. Zai gaya maka gaskiya, ban taɓa jin ya faɗi wani abu ba ita ba.

Kada ka hau mota bayan la'asar, ko wa ya ce maka hanya lafiya. Ka riƙe sallarka, ka taimaka wa matar Kawunka da ɗiban ruwa, kada ka zame musu baƙo mai kwanciya. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya ba ka ido mai gani da harshe mai jira, Ya raba ka da halin da na ba ka ba da sona ba. Allah Ya sanyaya zuciyar Lawali a kanka ko da bai sanyaya ta a kaina ba. Ya dawo mana da kai lafiya. Wayata na aljihu, ko ina ƙarƙashin mota zan ɗauka.

Mahaifinka,
Bello, Bungudu